Yadda zaka fahimci aikin maganin ƙwaƙwalwa a cikin kai, don kar ka ajiye shi tun bai fara aiki ba

Duk gidan da aka taɓa kai wani asibitin ƙwaƙwalwa, ko Dawanau ne a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, sun san wannan zancen: an karɓo magani an sha kwana goma babu wani sauƙi sai bacci da bushewar baki da kasala, sai wani babba a gidan yace ai maganin bai karɓe shi ba a ajiye a nemi wani abun. Ko kuma akasin haka, mutum ya samu sauƙi wata uku yana zuwa kasuwa yana dariya da kowa, sai yace toh ai na warke, ya watsar da ƙwayoyin rana ɗaya, bayan ɗan lokaci a dawo gidan jiya har ma abun yafi na da. Duka biyun nan tushensu ɗaya ne, muna ɗaukar waɗannan magungunan kamar Panadol, ka sha yanzu ciwon kai ya tafi anjima. Su kuwa ba haka suke aiki ba, ainihin aikinsu a cikin ƙwayar halittar ƙwaƙwalwa yake faruwa, a jikin wasu furotin masu miƙa saƙo, kuma wannan aikin yana cin makonni. In ka gane wannan, sauran ƙa'idojin da likita ke faɗa duk zasu zauna maka ba sai ka haddace ba.

Fara da sanin inda maganin yake tsayawa

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kuma basa manne da juna, tsakanin kowace da ta kusa da ita akwai wata 'yar rata ƙarama sosai. In ɗaya zata yi wa ɗaya magana sai ta fesa sinadari a cikin ratar nan, dofamin ko sirotonin ko gulutamet ko GABA da sauransu. Sinadarin baya shiga cikin ƙwayar da aka aiko shi wurinta, a jikin fatarta yake tsayawa, ya maƙale a wani furotin da ake kira risefta.

Kamar dai baƙo ne namiji yazo gidan mutane, ai bazai kutsa ciki ba, a ƙofar zaure zai tsaya ya samu yaro yace je kace ana sallama da mai gida. Yaron ya shiga ya faɗa wa uwargida, ita ta tashi mai gidan, mai gida yace a shimfiɗa tabarma a ɗora abinci. Baƙon bai taka tsakar gida ba amma gidan gaba ɗaya ya motsa.

Toh a cikin ƙwayar jijiya, wanda ke karɓar sallamar daga bayan risefta shi ne furotin G. Shi sai ya taɓa wani enzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, mai ƙera wani ɗan ƙaramin sinadari cAMP, shi cAMP ya tada wani furotin PKA, PKA kuma aikinsa kawai ya riƙa liƙa fosfet a jikin wasu furotin. Liƙa fosfet ɗin nan shi ne kunnawa da kashewa a cikin ƙwayar halitta, an liƙa maka ka fara aiki, an cire ka tsaya, wani kuma in an liƙa masa ne yake tsayawa. A ƙarshen layin akwai irin su CREB da ke shiga can cibiyar ƙwayar su sa a buɗe wasu ƙwayoyin gado a ƙera sabbin furotin. Ba labarin kanzon kurege bane, Earl Sutherland ya ci kyautar Nobel a 1971 saboda cAMP, Gilman da Rodbell suka ci a 1994 saboda furotin G, Paul Greengard kuma a 2000 saboda ya nuna yadda dofamin ke bin wannan hanyar ta liƙa fosfet.

Abin da nake so ka riƙe a nan lokaci ne. Maƙalewa a risefta cikin awanni kaɗan da haɗiye ƙwaya ta faru. Motsin furotin G da cAMP daƙiƙoƙi ne zuwa mintuna. Amma a ƙera sabbin furotin, a rage yawan wata risefta a ƙara wata, jijiyoyi su fito da sabbin rassa, wannan kwanaki ne da makonni. Shi yasa illar magani take riga amfaninsa zuwa, illar tun daga ƙofa take farawa, amfanin sai saƙo ya kai ƙuryar ɗaki.

Akwai guda ɗaya mai muhimmanci da ya fita daban. Wasu riseftocin su kansu ƙofa ce mai buɗewa nan take, irin ta GABA wadda in ta buɗe sinadarin kulorayid ya kwarara ciki jijiya ta lafa. Nan diazepam yake aiki, wanda samari ke kira D5, da 'yan'uwansa irin su lorazepam da bromazepam. Shi yasa shi cikin rabin awa ka ji jikinka ya saki. Kuma shi yasa mutane suke ganin shi ne magani mai kyau, alhali shi ne wanda ƙwaƙwalwa tafi saurin sabawa dashi, makonni kaɗan ka ga guda ɗaya baya yi maka sai biyu.

Ɗauko kwalin ka duba dangin maganin

Kar ka tsaya a sunan kamfani, nemi ƙaramin sunan da ke ƙasa. In ka ga haloperidol, chlorpromazine wato Largactil, trifluoperazine, risperidone, olanzapine, ko allurar fluphenazine da ake yi duk bayan wasu makonni, dangin masu tare dofamin ne, ana basu ga mai jin muryoyi ko mai zargin ana binsa ko wanda ya birkice. In ka ga amitriptyline, fluoxetine, sertraline, escitalopram, na ciwon damuwa ne da fargaba. Lithium da sodium valproate da carbamazepine na daidaita yanayi ne, ga mai ciwon baifola, wanda wani lokaci zai hau sama baya bacci yana ta surutu da rabon kuɗi, wani lokaci kuma ya faɗo ƙasa ko wanka ya gagare shi. Kowane dangi da irin hanyar da yake bi, saboda haka abin da zaka sa wa ido ma ya bambanta.

In na dofamin ne, ka sa ido a jiki ba a magana kaɗai ba

Chlorpromazine shi ne kakansu, a 1952 likitoci biyu Delay da Deniker suka gwada shi a asibitin Sainte-Anne a Paris suka ga masu taɓin hankali suna lafawa, a lokacin babu wanda yasan dalili. Haloperidol ya biyo baya a 1958 daga ɗakin binciken Paul Janssen a Beljiyam. Sai a 1963 Arvid Carlsson na Suwidin ya kawo hujjar cewa riseftar dofamin suke tarewa, daga baya aka tantance wacce, ita ce D2.

Ita D2 furotin G ɗin da ke bayanta mai taka birki ne, in dofamin ya zauna a kanta sai cAMP ya ragu. Da magani ya tare wurin sai birkin ya saki, cAMP ya hau, PKA ya tashi ya liƙa fosfet a jikin wani furotin DARPP-32, wanda Greengard ya shafe shekaru a kansa, shi kuma DARPP-32 in an kunna shi yana danne enzayim ɗin da ke cire fosfet, kaga kenan saƙon ya ƙara ƙarfi ya kuma daɗe. Bayan wannan akwai hanya ta biyu da ba ta furotin G ba, wadda Beaulieu da Caron suka bayyana a jami'ar Duke a 2005: D2 na jawo wani furotin beta-arestin, shi kuma ya kashe wani enzayim Akt, in Akt ya mutu sai wani enzayim ɗin da yake dannewa, GSK-3, ya samu sake. Ka riƙe sunan GSK-3 ɗin nan, zamu sake haɗuwa dashi a wurin lithium.

Yanzu ga inda abin ya shafe ka. Maganin bai san inda ciwo yake ba, duk inda D2 take a kai zai je ya zauna. Hoton ƙwaƙwalwa da aka ɗauka wa marasa lafiya a Toronto wajen shekarar 2000 ya nuna sai an tare kusan kashi 65 cikin ɗari na D2 kafin a ga amfani, amma da an haura kusan kashi 80 sai matsalar motsin jiki ta fara. Dubi ƙanƙantar tsakanin nan. Wannan ne yasa ƙara ƙwaya da ka, wai don yaƙi yin bacci jiya, yawanci baya ƙara sauƙi sai dai ya ƙaro wahala.

Wahalar kala-kala ce. Wadda tafi tsorata mutane ita ce wadda ke zuwa a kwanakin farko, musamman ga samari masu shan haloperidol: wuya ya murɗe gefe, idanu su kafe sama, harshe ya fito yaƙi komawa, muƙamuƙi ya riƙe. Wallahi in baka sani ba zaka rantse iska ce ta taɓa shi, gidaje da yawa a nan suke yanke cewa ashe ba ciwon asibiti bane. Nan kuwa dofamin ne aka danne da yawa a sashen da ke kula da motsi, sinadarin asitilkolin ya rinjaya. A yi addu'a ba laifi amma a tafi asibiti a lokacin, allura ɗaya ta maganin da ke danne asitilkolin tana sake shi cikin mintuna, sannan likita ya rage ko ya canza. Akwai kuma tafiya a sandare da rawar hannu da dalalar miyau, akwai wata kuma da mutum bazai iya zama wuri ɗaya ba sai safa da marwa ƙafa na ƙaiƙayin tafiya, ita wannan sau tari ana ɗauka ciwon ne ya ƙaru a ƙara magani, alhali maganin ne ya jawo. Ka faɗa wa likita da kalmomin nan, kace baya iya zama.

Don waɗannan matsalolin ake haɗawa da trihexyphenidyl, wato Artane ko Exol. Eh, shi dai Exol ɗin da kuka sani a hannun 'yan shaye-shaye. Maganin gaske ne, riseftar asitilkolin yake tarewa, amma ba a so a daɗe a kansa ba dalili saboda yana dushe tunani, yana hana gumi, yana kuma ƙara tsananta wata matsala da ke zuwa bayan shekaru inda baki ke ta motsi kamar ana tauna, harshe na leƙowa da kansa. In ka fara ganin irin wannan motsin bakin ko kaɗan ne kar ka jira ranar kati.

Ga mata kuma, dofamin shi ke danne sinadarin furolaktin mai kawo ruwan nono, in an tare shi sai al'ada ta tsaya ko nono ya fara zuba ba ciki ba goyo, risperidone ya shahara da wannan. Ba ciki bane ba kuma sammu ba, amma dai ki yi gwajin ciki ki kuma sanar. Maza ma yana rage musu sha'awa, da yawa kunya ke hana su faɗa sai kawai su daina sha a ɓoye.

Olanzapine shi nasa salon daban, bai cika sandarar da jiki ba amma yana tare riseftar histamin a sashen da ke kula da yunwa, binciken da aka yi a Johns Hopkins a 2007 ya nuna hakan na kunna wani furotin AMPK da ke gaya wa ƙwaƙwalwa wai jiki na buƙatar abinci. Mutum zai ci tuwo malmala uku ya tashi yana neman biredi. Dangi suna murna yayi ƙiba ya murmure, nan kuwa suga da kitsen jini ne ke hawa. Ka auna nauyi kafin a fara, ka riƙa aunawa duk wata, a duba suga bayan wata uku.

Abu ɗaya da ba a kwana dashi: zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da ruɗewa da gumi. Ba kasafai yake faruwa ba amma yana kisa, asibiti kai tsaye, ka kuma tafi da kwalin maganin don kar a tsaya neman maleriya kawai.

In na damuwa ne, ƙirga makonni

Fluoxetine da danginsa suna toshe wani furotin da ke zuƙe sirotonin daga ratar nan ya mayar dashi ciki. Toshewar tun ranar farko ta faru. Toh me yasa sai an yi sati biyu zuwa shida kafin mutum yaji dama? Wannan tambayar ce ta tura masu bincike suka leƙa cikin ƙwayar.

Na farko, jijiyar da ke fesa sirotonin tana da nata risefta mai sa ido, 5-HT1A, da taji sirotonin yayi yawa sai ta rage fesawa, wato a kwanakin farko ƙwaƙwalwa na ja da maganin. Sai an yi kamar sati biyu zuwa uku tana shan matsi sannan riseftar ta dushe, fesawa ta dawo. Na biyu, a 1995 ɗakin binciken Ronald Duman a Yale ya nuna a jikin ɓeraye cewa in an daɗe ana bada maganin damuwa, ba sau ɗaya ba, wani furotin BDNF yana ƙaruwa a sashen hifokamfas mai kula da tuna abubuwa, kuma hanyar cAMP da CREB ɗin nan tana da hannu. BDNF shi ke sa jijiya ta fito da sabbin rassa ta ƙulla sabuwar alaƙa, ta hanyar riseftarsa TrkB. A 2021 ma ƙungiyar Eero Castrén a Helsinki suka ce magungunan kansu suna maƙalewa a jikin TrkB kai tsaye, kuma sai sun taru da yawa a ƙwaƙwalwa kafin hakan ta yiwu, ana dai ci gaba da tafka muhawara a kan wannan. Wani abin da ya ƙara wa zancen ƙarfi shi ne ketamine, maganin da ake sa mutum bacci dashi a ɗakin tiyata, wanda tun 2000 aka ga yana ɗaga damuwa cikin awanni, a 2010 kuma aka nuna yana kunna furotin mTOR rassan jijiya su tsiro cikin kwana ɗaya. Wannan a asibiti ake yinsa ƙarƙashin ido, ba abin nema a kemis bane dan Allah.

Ni a ganina zancen nan da ake yawan yi wai damuwa ƙarancin sirotonin ce kawai ana cike maka shi, ya taƙaita abun da yawa har ya zama ɓata. Da haka ne da ranar farko za'a warke. Abin da yafi kusa da gaskiya shi ne maganin yana sa ƙwaƙwalwa ta yi laushin karɓar canji, shi yasa wanda ya haɗa da fita cikin mutane da motsa jiki da zama da mai ba da shawara yafi wanda ya haɗiye ƙwaya ya koma ɗaki ya rufe.

A aikace ga yadda zaka yi. Rubuta ranar da aka fara. Satin farko ka sa ran tashin zuciya, ciwon kai, wani lokaci fargabar ma ta ɗan ƙaru, yawanci suna wucewa. Fluoxetine da safe ake sha don yana iya hana bacci, amitriptyline da dare don shi kwantarwa yake, kuma shi tsohon magani ne mai taɓa riseftoci da yawa shi yasa yake busar da baki ya ɗaure ciki ya sa jiri in an miƙe da sauri. Bacci da cin abinci sukan riga zuciya gyaruwa, sau da yawa 'yan gida ne ke fara ganin canji kafin mai shi. In an cika sati huɗu ba ko alama, koma wurin likita, ƙila a ƙara ƙila a canza, rashin dacewa da na farko ba yana nufin babu mai yi ba. In an samu sauƙi kuma a ci gaba aƙalla wata shida bayan sauƙin.

Makonnin farko a kula sosai da matasa 'yan ƙasa da shekara 25, wasu tunanin kashe kai na iya taso musu. Ka tambaye shi kai tsaye ba kwana-kwana, tambaya bata saka wa mutum tunanin. Amitriptyline kuma in aka sha da yawa zuciya yake tsayarwa, a bar shi a hannun wani babba a kulle, a riƙa bayarwa ɗaya-ɗaya. Sannan in mai shan maganin damuwa ya koma baya bacci kwana da kwanaki kuma baya gajiya, yana ta tsare-tsaren manyan kasuwanci, wannan ba warkewa bace, alama ce ta baifola, a koma asibiti.

Lithium, mai shiga har ciki da kansa

Shi wannan baya tsayawa a ƙofa. Gishiri ne, ƙwayar zarrarsa ƙarama ce ƙwarai, ta hanyoyin sodiyam yake bi ya shige cikin jijiya. John Cade ne a Ostireliya ya buga labarin amfaninsa a 1949 bayan ya gwada a jikin ɓerayen masar sannan a jikinsa. A ciki yana ture maganiziyam daga jikin wasu enzayim. Ɗaya shi ne mai sake sarrafa inositol, wanda wata hanyar saƙon ta furotin G ke buƙata don sakin kalsiyam, Michael Berridge na Kambirij ya kawo ra'ayin cewa lithium na rage wa jijiyoyin da suka cika zumuɗi kayan aiki ne. Ɗayan kuma GSK-3 ɗin nan, Klein da Melton suka nuna a 1996 cewa lithium na danne shi. GSK-3 yana da hannu a agogon jiki na bacci da farkawa da kuma rayuwar jijiya, kuma abin sha'awa magungunan dofamin ma ta hanyar Akt can suke ɓullewa. Magunguna daban, mahaɗa ɗaya.

Har yau yana cikin mafi inganci ga baifola, yana kuma rage kashe kai. Amma tsakanin adadin da ke magani da wanda ke guba ba nisa. Ana so a sakamakon gwajin jini ya zauna wajen 0.6 zuwa 1.0, da ya haura 1.5 an shiga hatsari. Gwajin ana ɗibar jinin ne awa 12 bayan shan ƙarshe, saboda haka in da dare kake sha, da safe zaka je kafin ka sha wani. A riƙa duba ƙoda da tayirod, wani ƙullutu da ke gaban wuya, kamar duk wata shida.

Ƙoda tana ɗaukar lithium kamar sodiyam ne, duk lokacin da jiki ya rasa ruwa ko gishiri sai ta riƙe shi ya taru. Ka tuna zafin Afrilu da Mayu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, ka ƙara da azumi, ko gudawa da amai. Tun kafin watan Ramadan ya kama kaje ka zauna da likitanka a tsara, in yace kar ka yi azumi ai marar lafiya yana da rangwame, ka tambayi malaminka yadda zaka rama ko ka ciyar. Kar ka sha ibuprofen ko diclofenac ko Feldene da ake bayarwa a kemis kamar gyaɗa, suna ɗaga lithium a jini, paracetamol ya isa. Wasu magungunan hawan jini ma haka, masu sa fitsari da irin su lisinopril. Alamar ya taru: rawar hannu mai ƙarfi, tangaɗi kamar mashayi, magana na harɗewa, amai da zawo. A dakatar a tafi asibiti ranar.

Valproate shi ana yawan bayarwa a madadinsa saboda ba ko'ina ake gwajin lithium ba. A 2001 aka gano yana danne enzayim HDAC masu kula da yadda ake naɗe ƙwayoyin gado, wato yana taɓa waɗanne za'a buɗe waɗanne za'a rufe. Wannan yana cikin abin da ake zargi da illarsa ga ɗan tayi, kusan jariri 1 cikin 10 na zuwa da naƙasa in uwa na sha da ciki, masu samun jinkirin ƙwaƙwalwa ma sun fi haka yawa. Duk macen da zata iya ɗaukar ciki ta tada zancen nan da likita tun kafin a fara, maigida ma ya sani. In kuma cikin ya riga ya shiga kar ki yanke da kanki, ki je da gaggawa. Carbamazepine kuma yana sa hanta ta ƙone ƙwayar tazarar haihuwa da wuri, sannan duk ƙurajen da suka feso a makonnin farko tare da zazzaɓi ko gyambon baki abin gudu asibiti ne.

Yadda ake sauka

Duk wannan canjin da ƙwaƙwalwa tayi don ta zauna da maganin, yana nan ranar da ka daina. An daɗe ana tare D2, jijiya ta ƙara yawanta da kaifinta, ka cire magani dare ɗaya dofamin yazo ya tarar da riseftoci sun ƙaru, ciwo ya dawo da ƙarfi. Mai shan diazepam kullum riseftar GABA ɗinsa ta dushe, in ya yanke lokaci guda har jijjiga yana iya yi irin ta farfaɗiya. Na damuwa kuma jiri, mugayen mafarkai, kuka ba dalili, da wani abu kamar shokin lantarki a kai, paroxetine da venlafaxine sun fi yin haka don da sauri suke fita daga jini, fluoxetine yana daɗewa shi yasa nasa da sauƙi. Lithium in aka yanke shi farat ɗaya hawa saman nan na baifola yana saurin dawowa.

Saboda haka in kana son dainawa, haƙƙinka ne ka faɗa, amma a sauka a hankali cikin makonni ko watanni, kuma matakan ƙarshe su fi ƙanƙanta, domin ƙaramin adadi ma yana riƙe da kaso mai yawa na risefta. Na san wani lokaci ba ra'ayi bane, kuɗi ne suka ƙare, magani yayi tsada. In ka hango haka ka faɗa tun da sauran na sati biyu a hannu, akwai tsofaffin magunguna masu araha da za'a iya mayar da kai, ko allurar wata ga wanda ke mantawa ko yake ƙin haɗiya.

Ranar zuwa asibiti ka tafi da ɗan littafi: awa nawa yake bacci, cin abinci, nauyi, ranakun da aka tsallake magani, duk wani sabon motsi a jiki. Ka kuma faɗi duk abin da ake sha ba ɓoye-ɓoye, har jiƙe-jiƙe da garin magani na gargajiya. Tramadol in ya haɗu da fluoxetine ko sertraline sirotonin na iya yin yawa har zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa, ga shi dama yana jawo jijjiga. Wiwi tana tayar da ciwon da ake ƙoƙarin kwantarwa. Sigari ma da mutane basa lissafawa, hayaƙinta na sa hanta ta ƙone olanzapine da ɗan'uwansa clozapine da sauri, saboda haka wanda ya daina sha, ko aka kwantar dashi a asibiti inda ba damar sha, maganin zai hau a jininsa ka ga bacci ya danne shi, sai an sake duba adadin.